Jeren Amarya da Kayan Hannu: Nazarin Yadda Wata Uwa Ta Haɗa Ɗakin 'Yarta a Gusau

A ƙasar Hausa kayan ɗakin amarya nauyi ne da al'ada ta ɗora wa iyayenta, inda aka saba uba ya ɗauki gado da katifa da kujeru, uwa kuma ta ji da kayan girki da labule da sauran tarkacen da ke sa ɗaki ya amsa sunansa. Wannan rabon aiki yana tafiya daidai ne idan iyayen biyu suna raye kuma suna da abin hannu. Lamarin da za a duba a nan ya shafi wata malamar makarantar firamare da ke zaune a Tudun Wada cikin garin Gusau, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, aka kuma sa ranar auren babbar 'yarta mako guda bayan Babbar Sallar shekarar 2024. Dangin uban yarinyar sun kawo gudummawa gwargwadon hali, ita ma ta kwashi adashinta, amma da aka haɗa kuɗin gaba ɗaya aka kai wa masu sayar da kayan ɗaki, sai aka tarar ko saitin gado da madubi da durowa na zamani ba zai saya ba, balle a yi maganar kujerun falo.

Shekarar ba ta zo wa kowa da sauƙi ba. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya yi tashin gwauron zabo, sannan a watan Yunin wannan shekara Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, har dalar da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a watan Yunin 2024, wato watan bikin, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa yana nan a naira 30,000 da aka yanke tun 2019, domin sai a watan Yuli aka sa hannu a kan dokar da ta mai da shi 70,000. Kayan ɗaki na zamani kuwa yawancin abin da ake haɗa su da shi dala ce ke juya farashinsa: allunan garin katako da aka matse, sinadaran da ake yin soso da su, yadin kujera, har da ƙananan ƙarafan da ƙofar durowa ke juyawa a kansu.

Hanyoyin da aka saba bi a irin wannan hali sanannu ne, wato cin bashi, ko karɓar kaya a riƙa biya kaɗan-kaɗan, ko a nemi a ɗaga biki. Malamar ta ƙi duka ukun. Shawarar da ta yanke bayan Ƙaramar Sallah, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, ita ce duk abin da zai taɓa jikin 'yarta kai tsaye ko abincinta, kamar katifa da matasan kai da zanen gado da tukwane, sabo za a saya ko da kaɗan ne, sauran kayan kuma za a nemo na hannu a gyara. A ganina wannan rarrabewar ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, domin mutane da yawa da suka gwada kayan hannu suka dawo suna da-na-sani, arha suka bi ba tare da sun tsaya sun tambayi kansu wane irin kaya ne ke karɓar gyara, wane ne kuma idan ya mutu ya mutu ke nan ba.

Ba ta shiga kasuwa da kanta ba a farko. Ta kira wata dillaliya da ta daɗe tana shiga gidajen Birnin Ruwa da Kanwuri da Sabon Gari, irin matan nan da suka san wace uwargida ce ke son rabuwa da tsohon kabet, wace ce kuma za ta aurar da 'ya tana neman kuɗin gara. Sharaɗin da ta gindaya mata shi ne ƙarfe ko katako na ainihi kawai take so, kuma duk aibin da ke jikin kaya a faɗa mata tun kafin ciniki, kamar yadda addini ya wajabta wa mai sayarwa.

Abu na farko da dillaliyar ta samo shi ne gadon ƙarfe mai rumfa, irin wanda aka riƙa yi wa amare jere da shi shekaru arba'in zuwa hamsin da suka wuce. An jingine shi a ɗakin ajiya na wani gida, kaji suna kwana a kansa, fentinsa kore ya ɓaɓɓare ya nuna wani shuɗi a ƙarƙashi, wayar shimfiɗarsa kuma ta lotsa a tsakiya. Yarinyar da ta gan shi a tsakar gidansu sai ta fashe da kuka, ta ce, “Inna, wanga za ki kai ni da shi gidan miji?” Mai waldar da aka kira bai tanka ba sai da ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi bututun gadon yana ƙwanƙwasawa daga sama zuwa ƙasa, yana sauraron inda ƙarar ke fita tas da inda take dushewa. A ƙafafu huɗun ne kawai ta dushe, wajen taƙi ɗaya daga ƙasa, inda ruwan wanke ɗaki ya shekara yana taɓawa har tsatsa ta cinye ƙarfen daga ciki. Ya ce, “Malama, wanga gado ya girmi ɗiyarki, amma ƙarhen da anka yi shi da shi yanzu ko da kuɗinki ba ki samu nai.” Ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya dasa sabon bututu, ya cire wayar da ta lotsa ya walda ƙarafa a gicciye domin a jera katako a kai, ya kuma sauke rumfar bisa buƙatar amarya, ya bar sandunan kusurwa biyu na wajen kai saboda rataya gidan sauro. Sai bayan ya gama aka auna faɗin gadon, aka ga ƙafa huɗu da rabi ne ba shida ba, sannan aka sayo katifar da ta dace da shi, wadda ita ma ta fi mai ƙafa shida sauƙin kuɗi.

Kankare tsohon fenti shi ne matakin da ya fi kowane haɗari, kuma shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Fentin mai, musamman mai launin rawaya da ja da kore, an daɗe ana zuba masa sinadaran dalma domin launi ya fito kuma ya bushe da wuri, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan fentin da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya sun sha samun dalmar da ta zarce ma'aunin kashi 90 cikin miliyan da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba ƙasashe shawarar kada a wuce. Mutumin Zamfara ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan gubar dalma. A shekarar 2010 ne ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. Dalmar da ke jikin fentin gado ɗaya ba ta kai ko kusa da wancan ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, wato ƙura ce da ke sauka a ƙasa, yaro ya taɓa ya kai hannu baki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Yaran mai waldar sun so su ƙona fentin da wuta su kankare, domin ya fi sauri, Malamar ta hana. An fitar da gadon bayan gida nesa da madafa, an shimfiɗa leda a ƙarƙashi, ana jiƙa ƙarfen da ruwa kafin a goga samfefa don kada ƙura ta tashi, aka kuma hana ƙannen amarya zuwa wurin har aka tattare dattin aka ƙulle. Daga nan aka shafa jan fentin nan na hana tsatsa, aka bar shi ya bushe sarai, sannan aka bi da baƙin fenti hannu biyu.

Kafin duk wannan an riga an yi maganin kuɗin cizo, wanda shi ne babban abin da ke sa mutane ƙyamar kayan ɗaki na hannu, kuma suna da gaskiya, domin ƙwaron yana iya yin watanni bai sha jini ba yana laɓe a tsaga, ƙwansa kuma ba ya jin yawancin maganin feshi. Abin da ba ya jurewa shi ne zafi: idan ya kai wajen digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, ƙwaro da ƙwai duk mutuwa suke yi. An kwara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa ta gadon, aka shanya shi a ranar watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Gusau kan kai digiri 40 a inuwa, ƙarfe kuwa ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Maƙwabta sun ba da shawarar a yayyafa fiya-fiya, amma wannan maganin ƙwarin gona ne, kuma ɗakin da sababbin ma'aurata za su rufe ƙofa su kwana ba wurinsa ba ne.

Katako bai ba da wahala kamar ƙarfe ba. An sami tsohon kabet na katakon maɗaci wanda gilashinsa ɗaya ya fashe, da wata ƙofar ɗaki da aka cire daga gidan da ake sabuntawa, da ƙafafun keken ɗinki na Butterfly wanda kansa ya lalace. Kafinta ya duba ko'ina yana neman ƙananan ramuka da garin katako da ke nuna ƙwaro na ci daga ciki, bai samu ba sai a allon bayan kabet ɗin, ya cire shi ya sa sabo. Ƙofar ya tsaga ta gida uku, biyu suka zama kantar jera kwanuka a kicin, na ukun aka ɗaure shi a kan ƙafafun keken ya zama teburin madubi. Akwatin ƙarfen da Malamar ta zo da shi gidan mijinta, wanda ya shekara a ƙarƙashin gado, aka yi masa fenti aka ɗinka masa shimfiɗa, ya zama teburin tsakiyar falo kuma ma'ajiyar barguna. Wata durowar kaya ta zamani da dillaliyar ta kawo a farashi mai rahusa, kafintan ya nuna wa Malama gindinta inda allon ya sha ruwa ya kumbura yana marmashewa, ya ce irin wannan allo ba ya riƙe ƙusa karo na biyu, aka mayar da ita.

Inda lissafi ya kusa ƙwacewa shi ne kujeru. An sayi saitin kujerun kushin na hannu da niyyar a canza musu riga kawai, amma da mai gyaran kujera ya farke yadin sai ga soson ya zama gari, ga kuma baƙaƙen ɗigo-ɗigo na kashin kuɗin cizo a jikin ɗinkin. Dole aka zubar da komai aka bar ƙashin katakon kaɗai, aka sayi sabon soso da sabon yadi, waɗanda su ne ainihin abin da ke sa kujera tsada tun farko. Da aka haɗa kuɗin saye da na dako da na soso da yadi da ladan aiki, abin da aka rage a kan farashin sababbin kujeru masu matsakaicin daraja bai taka kara ya karya ba. Ribar da aka samu ɗaya ce, ƙashin kujerun katako ne mai nauyi wanda ya fi na yawancin sababbin da ake haɗawa da ɓallin katako. Malamar da kanta ta ce da ta san haka, da doguwar kujera ɗaya ta gyara ta cike falon da darduma da tumtum na fata irin na Sakkwato.

Labule daga dilar gwanjo aka zaɓo shi. Tufafin hannu suna cikin jerin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su, amma kowa ya san suna shigowa ta Kwatano da Jamhuriyar Nijar, kuma rufe iyakar Nijar da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda Najeriya ba ta janye ba sai a watan Maris na 2024, ya sa gwanjon ma ya yi tsada. Duk da haka an sami manyan labule masu kauri guda biyu waɗanda aka ɗinka wa dogayen tagogin Turai, aka wanke su da ruwan zafi, aka shanya, tela ya yanka su suka wadaci taga biyu da ƙofa biyu, ragowar kuma aka haɗa da ƙyallayen atamfar anko aka yi rigunan ƙananan matasan kujera.

Adon bango shi ne ya fi jan hankalin waɗanda suka shiga ɗakin, kuma kusan ba a kashe masa komai ba. Tarihin jere a ƙasar Hausa ya taso ne daga ƙorai da faya-fayai, ya koma tasoshi, sannan kwanonin langa masu zanen furanni suka mamaye bangon ɗakunan amare, kafin kabet da tangaran su ture su. Kakar yarinyar tana da irin waɗannan kwanoni a buhu, wasu sun ƙwanƙwashe a baki har tsatsa ta kama, abin da ya sa ba su dace da zuba abinci ba. An zaɓi marufai tara da zanensu bai gushe ba, aka wanke, aka shafa wa wuraren da suka ƙwanƙwashe man goge katako mai sheƙi don tsatsar ta tsaya, aka jera su a bangon falo tare da faya-fayan kaba masu rini guda biyar. Shawarar da wata ƙawar amarya ta kawo, a naɗe tsofaffin tayoyin mota da igiya a yi kujerun zama kamar yadda ake gani a intanet, ba ta samu karɓuwa ba, kuma ina ganin an yi daidai: taya a rufaffen ɗaki a zafin bazara wari take yi, kuma ba ta da wata daraja ranar da aka so sayarwa.

Wannan batu na daraja yana da muhimmanci fiye da yadda masu kallon jere a matsayin ado kawai suke zato. Kayan ɗaki mallakar mace ne, da su take fita idan aure ya mutu, su take ɗagawa ta bai wa dillaliya idan ciwo ko yunwa suka matsa. Uwar da ke yi wa 'yarta jere tana ƙawata ɗaki ne tana kuma ajiye mata dukiya a lokaci guda. Idan aka auna da wannan ma'auni, gadon ƙarfe da kabet ɗin maɗaci da ƙashin kujerun za su sami mai saye ko bayan shekara goma, alhali saitin allon garin katako mai ƙyalli, wanda ake cin bashi a saya, da wuya ya tsallake tashi daga gidan haya sau biyu bai wargaje ba.

Sai dai idon mutane ba ya auna kaya da wannan ma'auni. Ranar jere, wata gwaggon ango ta tsaya a bakin ƙofar uwar ɗaka ta dubi gadon ta ce, “Ashe har yanzu ana yin irin gadonmu?” Kowa ya fahimci inda maganar ta dosa. Malamar ba ta ɓoye komai ba, ta amsa da cewa, “Yaya, na hannu ne, gyara shi munka yi, kuma ba a bin mu ko kwabo.” Tun kafin ranar ta riga ta aika an sanar da uwar ango abin da take shiryawa, domin kada a ji a bakin 'yan ganin ɗaki, kuma wannan ya rage kaifin tsegumin ƙwarai, ko da yake bai kashe shi ba. An yi makonni ana maganar a unguwa, wasu suna yaba dabarar, wasu suna cewa an yi wa marainiya jeren tsofaffi. Ita amaryar, wadda ta yi kuka a farko, teburin madubin da marufan bango ne ta fi ɗauka a waya tana tura wa ƙawaye, gadon kuwa ta rufe kansa da babban zanen gado har tsawon watannin farko.

Akwai wani ɓangare na lamarin da bai kamata a tsallake ba, wato daga ina kayan hannu suke fitowa a Gusau ta yau. Rashin tsaro ya kori iyalai masu yawa daga ƙauyukan Maru da Zurmi da Tsafe da Anka da Shinkafi zuwa cikin gari, kuma da yawansu suna sayar da ɗan abin da suka tsira da shi domin su ci abinci ko su haɗa kuɗin fansar wani nasu. Wani kayan kuma na sata ne da ke bi ta hannun ɓata-garin da suka laɓe a cikin sana'ar gwangwan. Mai neman arha yana iya cin ribar musibar wani bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai. Malamar ta dage sai dillaliya ta faɗa mata gidan da kowane kaya ya fito, kuma da ta ji cewa ƙafafun keken ɗinkin na wata 'yar gudun hijira ce, ta biya kuɗin da aka fara faɗa ba ta nemi ragi ba. Wannan bai warware matsalar ba, amma ya nuna cewa sayen na hannu ta wurin wanda ya san masu kaya ya fi tsinta a tarin gwangwan kwanciyar rai.

Da aka zauna lissafi bayan biki, an tarar kuɗin sayen kayan hannun su kansu su ne kaso mafi ƙanƙanta. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne sabuwar katifa da soson kujeru, sai ladan mai walda da kafinta da tela, sai fenti, sai kuma dako, domin kowane kaya sai da ya hau Keke Napep ko kura aƙalla sau biyu, daga gidan mai shi zuwa wurin gyara, daga can zuwa gidan amarya a Samaru. Jimillar ta tsaya a cikin abin da aka tara ba tare da bashi ba, amma aikin ya ci wata biyu cur na zirga-zirga bayan tashi daga makaranta, kuma ya yiwu ne saboda an fara shi a bazara, lokacin da rana ke kashe ƙwari fenti kuma ke bushewa cikin yini ɗaya. Wanda aka sa wa biki a watan Agusta ba zai sami wannan sauƙin ba.

Damina ta fito da aibi biyu. Tsatsa ta fara komawa ƙafafun gadon a daidai wurin walda, aka goge aka sake shafa fenti aka sa musu takalman roba, ɗaya daga cikin kantocin kicin kuma ta ɗan lanƙwashe saboda an ɗora mata buhun shinkafa, kafinta ya ƙara mata madogari a tsakiya. Dillaliyar kuwa, bayan mata uku daga cikin 'yan ganin ɗaki sun aiko a asirce suna neman irin gadon, ta bi gidajen da ta san akwai su ta saye tun kafin masu su farga, kuma kuɗin da take faɗa yanzu ya kusa ninka wanda Malamar ta biya.